ZARE: Ina imel ɗinka yake kwana? Tarihin akwatin saƙo daga 1965 zuwa yau

1/ Duk imel ɗin da aka taɓa aiko maka, yanzu haka yana kwance a kan faifan wata kwamfuta, a wani ɗaki, a wata ƙasa. Wani ne ya zaɓi wurin, kuma ba a yi shawara da kai ba. Shekara 60 ke nan ana sauya masa makwanci. Ku gyara zama, zaren yau dogo ne 🧵

2/ Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, wannan zangon Linux muke ta fama da shi. Abin da ya ja hankalina: layi ɗaya tak a fayil ɗin saiti yana iya sauya inda wasiƙun mutum dubu suke sauka. Da na bi diddigin layin nan, sai na tarar tarihinsa ya girmi babana.

3/ Mu fara daidaita kalmomi. Saba, wadda wasu marubuta ke kira uwar garke, kwamfuta ce da ba ta barci, aikinta yi wa sauran kwamfutoci hidima. Fayil rubutu ne da aka adana da suna. Folda kuma jakar da ake zuba fayiloli. Da ukun nan za mu kai ƙarshe.

4/ Tafiyar imel kashi biyu ce. Akwai doguwar tafiya daga saba zuwa saba. Akwai kuma takun ƙarshe: saƙo ya iso sabar da mai shi yake da akwati, sai a ce to, a ina za a ajiye masa, kuma da wane fasali? Wannan takun na ƙarshe shi ne labarinmu.

5/ 1965, jami'ar MIT, Amurka. Suna da kwamfuta IBM 7094 mai wani tsari da ake kira CTSS, mutane da yawa na aiki a kanta lokaci guda, kowa daga nasa injin buga rubutu. Tom Van Vleck da Noel Morris suka rubuta umarni mai suna MAIL don a riƙa bar wa juna sallahu.

6/ Aikinsa mai sauƙi ne. Ka rubuta saƙo, MAIL ya je foldar wanda ka aika wa, ya buɗe fayil mai suna MAIL BOX, ya liƙa saƙonka a ƙarshensa. Wasiƙar ko fita daga kwamfutar ba ta yi ba. Ashe imel ya girmi intanet, kuma asalinsa na cikin gida ne.

7/ Tun ranar aka ci karo da tambaya: yaya ɗan aike zai shiga ɗakin mutum ya ajiye takarda, alhali ɗakin a kulle yake? Sai aka ba MAIL iko na musamman wanda sauran masu amfani ba su da shi. Ku riƙe wannan. Ɗan aike mai mabuɗin kowane ɗaki zai jawo rigima a gaba.

8/ 1971, Ray Tomlinson na kamfanin BBN ya haɗa manhajoji biyu: SNDMSG mai ajiye saƙo a cikin kwamfuta ɗaya, da CPYNET mai kwafar fayil daga wata kwamfuta zuwa wata ta ARPANET. Shi ne ya kawo alamar @. Hagunta sunan mutum, damanta kwamfutar da akwatinsa yake.

9/ Kun ga ke nan, adireshin imel tun asali amsa ce ga tambayar "ina akwatin yake?" Shi kuwa akwatin har lokacin fayil ne guda ɗaya. Kowa na iya ƙara rubutu a ƙarshensa, amma ba ya iya karanta na ciki ko goge shi. Kamar asusu: ka jefa ta rami, mai shi ne zai fasa.

10/ Yanzu mu shiga Unix, kakan Linux, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina a Bell Labs. Bugunsa na farko a 1971 ya zo da umarnin mail. A bugu na shida, 1975, wasiƙunka na sauka ne a wani ɓoyayyen fayil mai suna .mail, cikin foldarka ta gida.

11/ Bugu na bakwai, 1979, sai aka yi ƙaura ta farko. Aka daina kai wa kowa ɗakinsa, aka buɗe wuri guda: /usr/spool/mail. A ciki kowa na da fayil mai sunansa. Irin jerin akwatunan gidan waya da iyayenmu suka yi haya, kowa da lambarsa, duk a bango ɗaya.

12/ Amfanin a fili yake. Ɗan aike ya san wuri ɗaya da zai nufa, mai kula da saba ma wuri ɗaya zai leƙa. Amma ku lura da abin da ya faru: wasiƙar ta bar hannun mai ita, ta koma zauren mai gida. Wannan ja-in-ja, ɗakinka ko zaure, shi ne duk tarihin.

13/ Kalmar spool a Turanci abin naɗe zare ce, irin kwarkwaron keken ɗinki. A kwamfuta tana nufin wurin da abu ke jira kafin a zo a ɗauke shi. Wato ba a gina wurin don ajiya ba. Zango ne. An ɗauka za ka zo, ka kwashi wasiƙunka, ka bar akwatin fanko.

14/ Haka kuwa ake yi. Da manhajar Mail ta jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, in ka karanta saƙo ka fita, sai ta kwashe shi daga zaure ta kai shi fayil mai suna mbox a foldarka. Saƙon da ka katse rubutawa kuma ya faɗa fayil mai suna dead.letter, wato matacciyar wasiƙa.

15/ Ɗan ratse. A Berkeley ɗin akwai manhaja mai sanar da kai da zarar saƙo ya sauka, sunanta biff. Sunan wani kare ne da ke yawo a sashen kwamfuta, an ce yana yi wa mai rabon wasiƙu haushi. Har yau in ka girka Postfix a Debian za ka ga layin "biff = no" 😂

16/ To mene ne a cikin fayil ɗin? Duk wasiƙunka a jere, ɗaya na bin ɗaya, kamar littafin bashin mai shago. Ana kiran fasalin mbox. Abin da ke raba wasiƙa da wasiƙa shi ne layin da ya fara da kalmar "From" da tazara ɗaya, sai mai aikowa, sai kwanan wata.

17/ Kun hango matsalar? In wani ya rubuto maka da Turanci, wani layi a tsakiyar wasiƙar ya fara da "From", manhaja za ta ɗauka sabon saƙo ne, ta tsaga wasiƙar gida biyu. Maganin da aka samo: mai isarwa ya sa alamar > a gaban kalmar, ta koma ">From".

18/ Wato don a ajiye wasiƙarka sai an taɓa rubutun cikinta. Kuma a tsohon salon ba a iya mayar da shi daidai, don ba a san wace > ce ta marubuci, wace ce ta ɗan aike ba. Gyare-gyare suka haifi ire-irensa: mboxo, mboxrd, mboxcl, mboxcl2. Sai 2005 aka rubuta bayanin mbox a RFC 4155.

19/ A 1982 Jon Postel ya fitar da RFC 821, ƙa'idar SMTP da sabobi ke miƙa wa juna saƙo da ita har gobe. A 1983 sendmail na Eric Allman ya fito tare da Unix na Berkeley. Wasiƙu suka fara kwararowa daga ko'ina zuwa cikin fayil ɗin nan guda ɗaya.

20/ Kun tuna ɗan aike mai mabuɗin kowane ɗaki? Sendmail da ikon root yake aiki, wato mai iko da komai na kwamfutar. A Nuwamba 1988 tsutsar Morris ta kutsa dubban kwamfutoci, kuma ɗaya daga cikin ƙofofin da ta bi wata kafa ce a sendmail.

21/ Ƙaura ta biyu, ƙarshen shekarun 1980. Kamfanin Sun na sayar da kwamfutoci marasa faifai, masu aron foldar /usr daga saba ɗaya ta hanyar NFS. Abin da jama'a ke tarayya a kansa bai kamata ya riƙa sauyawa ba. Sai aka ware /var don duk abin da ke ƙaruwa yana raguwa, har da wasiƙu.

22/ A nan kan jama'a ya rabu. SunOS ya ce /var/spool/mail. System V bugu na huɗu da 4.4BSD suka ce /var/mail. Da 'yan Linux suka fitar da ƙa'idar tsara foldoji a 1994, ta farkon suka bi. Daga baya ƙa'idar FHS ta koma /var/mail don a yi daidai da sauran dangin Unix.

23/ Sulhun da aka yi yana nan har yau, ni ma na duba da idona a ɗakin gwajinmu. A Debian da Ubuntu /var/mail ce ta gaske, /var/spool/mail kuma nuni ne kawai zuwa gare ta. A Fedora da Red Hat akasin haka ne. Kamar shagon da ya tashi ya bar allo: "Mun koma gaba kaɗan."

24/ Duk wannan sauyin adireshi ne, fasalin bai sauya ba. Kuma fasalin ne ke da babban ciwo. Fayil ɗaya, masu taɓa shi biyu: ɗan aike na ƙara sabon saƙo a ƙarshe, kai kuma kana goge wani a tsakiya. Goge saƙo ɗaya a mbox yana nufin sake rubuta duk abin da ke bayansa.

25/ In suka haɗu a lokaci guda, saƙo ya ɓace ko biyu su cakuɗe. Sai aka ƙirƙiro kulle. Mafi tsufa: kafin ka taɓa akwatin, ka ajiye fankon fayil mai suna sunanka.lock a gefensa. Duk wanda ya zauna gidan haya mai banɗaki ɗaya ya san tsarin: a rataye zane a ƙyaure.

26/ Matsala ta farko: mai zanen ya fita ya manta da shi, kowa ya yi ta jira. In manhaja ta mutu tana tsakar aiki, haka fayil ɗin kullen zai zauna. Shi ya sa Postfix yake da ƙa'idar cewa kullen da ya wuce daƙiƙa 500 a ɗauke shi matacce, a cire.

27/ Matsala ta biyu: akwai wasu hanyoyin kulle, flock da fcntl. In wannan manhajar zane take dubawa, waccan kuma gyaran murya take saurare, to za a yi karo. Dole duk masu taɓa akwatin su yarda da alama ɗaya. A kan NFS kuwa kullen ma ba abin dogaro ba ne a wancan zamanin.

28/ Matsala ta uku mu ba sai an yi mana bayani ba: a ɗauke wuta ana tsakar rubutu. Rabin saƙo ya shiga, rabi bai shiga ba. In kuma ana tsakar sake rubuta fayil ɗin ne bayan gogewa, wasiƙun shekaru na iya lalacewa tare, don duk a kwando ɗaya suke.

29/ Ba a rasa masu wani tunanin ba. Tun ƙarshen shekarun 1970 tsarin MH na cibiyar RAND yake ajiye kowane saƙo a fayil nasa, da lamba 1, 2, 3. Sai dai in 'yan aike biyu suka iso tare, wa zai ɗauki lamba ta gaba? Rigimar ba ta mutu ba, wuri ta sauya.

30/ Sai ga Daniel J. Bernstein, masanin lissafi a jami'ar Illinois da ke Chicago. A ƙarshen 1995 ya fara rubuta qmail don ya maye gurbin sendmail, bugu na 1.0 ya fito a 1997. Tare da shi ya kawo Maildir. Wallahi in ka gane dabarar sai ka yi murmushi.

31/ Maildir folda ce mai 'ya'ya uku: tmp, new, cur. Kowane saƙo fayil nasa daban. Sunan fayil ɗin ana haɗa shi ne daga lokacin isowa, da lambar aikin da ya kawo shi, da sunan kwamfutar. Don haka 'yan aike biyu ba za su zaɓi suna ɗaya ba, ko da sun iso tare.

32/ Ɗan aike zai rubuta saƙon a tmp, inda mai karatu ba ya leƙawa. Sai ya tabbatar ya sauka kan faifai gaba ɗaya, sannan ya mayar da sunansa cikin new. Wannan takun kuwa ba shi da rabi: ko ya faru, ko bai faru ba. Saƙo a new cikakke ne, ko babu shi.

33/ In wuta ta ɗauke a tsakiya fa? Guntun yana tmp, babu mai ganinsa, bayan awa 36 a share shi. Tunda ba a amsa cewa an karɓa ba, za a sake kawo saƙon. Babu zane a ƙyaure, babu gyaran murya, babu ">From". An kawar da buƙatar kullen ne ɗungurungum.

34/ In manhajar karatu ta ga saƙon, sai ta kai shi cur, ta ƙara wutsiya a sunansa. ":2,S" na nufin an karanta, R an ba da amsa, F an yi masa tuta, T an jefa shi shara. Wannan ɗan kaurin rubutun da ke ɓacewa in ka buɗe saƙo, a irin wannan sabar harafi ɗaya ne a sunan fayil.

35/ Ƙaura ta uku ke nan, kuma komawa gida ce. Qmail ya fi son ajiye wasiƙa a foldar mai ita, da ikon mai ita, ba a zaure ba. Ɗan aike ba ya buƙatar mabuɗin kowa. A 1997 Bernstein ya sa ladan dala 500 ga duk wanda ya gano kafar tsaro a qmail.

36/ Disamba 1998 Wietse Venema, ɗan ƙasar Holan da ke aiki a cibiyar binciken IBM, ya fitar da abin da muka sani yau da Postfix. Shi bai ɗauki ɓangare ba. Ya ba ka zaɓi a fayil mai suna main.cf. Ga layin da ya sa na rubuta zaren nan:

home_mailbox = Maildir/

37/ In ba ka sa layin ba, wasiƙa ta tafi zaure, tsarin 1979. In ka sa, ta tafi ɗakin mai ita. Ku kalli karkatacciyar sandar nan ta ƙarshe, /. Da ita Postfix zai yi Maildir. Babu ita, zai ƙirƙiri fayil ɗin mbox guda ɗaya ya raɗa masa suna Maildir. Shekara 20 na tarihi a alama ɗaya.

38/ Akwai wani tarkon. Layin mailbox_command yana gaba da home_mailbox a daraja. A tsofaffin sabobin Debian sau da yawa za ka tarar an miƙa aikin ga procmail ta wannan layin. Ka sauya naka har ka gaji, wasiƙa na tafiya inda ta saba. Umarnin postconf -n zai nuna maka gaskiya.

39/ Mai ajiyewa daban, mai miƙo maka daban. Da mutane suka samu kwamfutocin kansu, aka kawo POP a 1984: zo ka kwashe, a goge daga saba. Mark Crispin kuma ya ƙirƙiro IMAP a Stanford a 1986: bar su a saba, ka riƙa leƙowa daga ko'ina. Zango ya fara zama gida.

40/ A yau Dovecot ne ya fi shahara a wannan aikin, Timo Sirainen ɗan Finlan ya fara fitar da shi a 2002. Shi ma yana da nasa layin da ke gaya masa inda zai duba, mail_location. A bugu na 2.4 an raba shi zuwa mail_driver da mail_path. Dole bakinsa ya zo ɗaya da na Postfix.

41/ Na ga abin da ke faruwa in bai zo ɗaya ba, a wani ofis da na yi aikin koyon sana'a. Aka sauya wurin ajiya ranar Juma'a da yamma. Litinin da safe wata Hajiya a sashen kuɗi ta buɗe akwatinta, fayau. Wasiƙun shekara shida, har da takardun da za a biya albashi da su.

42/ Ta kira ogana, murya na rawa: "Injiniya, don Allah ina takarduna?" Ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ko ɗaya bai ɓata ba." Gaskiyarsa. Suna nan a /var/mail. Sabon saiti sababbin saƙonni kawai yake juyawa, ba ya kwaso tsofaffi. Ranar dai sai bayan la'asar aka yi aiki.

43/ Ga tsarin da na koya a wajensa. Ka fara ɗaukar kwafin ko-ta-kwana. Ka tsayar da karɓar saƙo. Ka juya tsofaffin da doveadm ko mb2md. Ka tabbatar kowace folda mallakar mai ita ce. Ka sauya saitin ɓangarorin biyu. Ka aika wa kanka gwaji, ka karanta rajistar saba, sannan ka buɗe ƙofa.

44/ "In na tsayar da saba, saƙonnin da ke hanya ba za su ɓace ba?" A'a. Ƙa'idar SMTP ta ce mai aikowa ya riƙe, ya yi ta sake gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar. Postfix kwana 5 yake riƙewa. Rufe ƙofa na awa ɗaya ya fi karɓar saƙo ka ajiye inda babu mai dubawa.

45/ Kuma ka kiyaye lambobin shaidar saƙonni wajen juyawa. In suka sauya, manhajar da ke amfani da POP za ta ɗauka duk sababbi ne, ta sake sauko da wasiƙun shekaru daga farko. Ka yi tunanin haka ta same ka da datar da ka saya ta sati 😭

46/ Kada ku ce Maildir ya gama komai. Tsugunne ba ta ƙare ba. Saƙo miliyan fayil miliyan ne. Ɗaukar kwafi ya yi ta jan ƙafa. Faifai kuma yana da iyakar yawan fayilolin da zai ɗauka, sai ka ga akwai fili amma ya ƙi karɓa. Umarnin df -i ne ke tona wannan.

47/ Shi ya sa Dovecot ya fito da mdbox: saƙonni da yawa a fayil ɗaya, fayilolin kuma da yawa, da wani kundi daban mai riƙe lissafi. Tsaka-tsaki ke nan. Amma in kundin ya lalace, sanin wane saƙo ne a wace jaka ya shiga haɗari. Kowane zaɓi da kuɗinsa.

48/ Ƙaura ta huɗu ita ce wadda ta shafe mu. Da masu imel suka zama dubbai, aka daina buɗe wa kowa ɗaki a saba. Duk wasiƙu suka koma ƙarƙashin folda ɗaya, irin /var/vmail, mallakar asusu ɗaya na sabar. Kai kuma ka zama layi a rumbun bayanai. An koma zaure, kuma yanzu ba ka da ɗaki a gidan.

49/ Hotmail ya buɗe ranar 4 ga Yuli 1996 da megabait 2 ga kowa. Gmail ya zo ranar 1 ga Afrilu 2004 da gigabait 1, har mutane suka ɗauka wasan ranar wawaye ne. Saƙonsu ga jama'a: daina gogewa, bar komai a wajenmu. Muka bari. Yawancinmu a nan muka tarar da imel.

50/ Su ma ba su fi ƙarfin tsautsayi ba. A Fabrairu 2011 wani sabunta manhajar ajiya ya sa wasu masu Gmail suka tarar da akwatinsu fanko. Google ya ce kashi 0.02 cikin ɗari ne abin ya shafa. Daga ina aka dawo da su? Daga kaset ɗin tef da aka ajiye a gefe, ba a haɗe da komai ba.

51/ Wurin kwanan wasiƙa har kotu ya je. Dokar Amurka ta 1986 ta ce saƙon da ya wuce kwana 180 a saba, hukuma na iya karɓarsa ba tare da warantin alƙali ba. Tunanin zango ne: wanda ya bar wasiƙa wata shida ai ya yar da ita. Sai 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce sai da waranti.

52/ Disamba 2013 wani alƙali a New York ya ba da waranti kan imel ɗin wani da ake bincika kan safarar ƙwaya. Microsoft ya ce wasiƙun suna sabarsa ta Dablin, ƙasar Ailan, hannun warantin bai kai can ba. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta ba Microsoft gaskiya.

53/ Magana ta kai Kotun Ƙoli. Kafin ta yanke hukunci, a Maris 2018 majalisa ta yi dokar CLOUD: kamfanin da ke ƙarƙashin dokar Amurka zai miƙa bayanan da ke hannunsa ko a wace ƙasa ya ajiye su. Shari'ar ta mutu a nan. Tambayar 1965 ce dai, wa ke da mabuɗi, ta koma tsakanin ƙasashe.

54/ To mu ɗalibai, ina ruwanmu? Imel ɗin da makaranta ta ba ka a sabarta yake, ko a asusun da take haya. Ranar da ka gama, wani na iya rufe shi da umarni ɗaya. A ciki akwai takardar shaidar malaminka, da amsar neman tallafin karatu. Kayan aro ba ya rufe katara.

55/ Abin yi bai da wuya. In Gmail ne, shiga Google Takeout ka nemi kwafin wasiƙunka. In wani wuri ne, haɗa shi da Thunderbird ta IMAP, ka kwafe su zuwa foldojin da ke kan kwamfutarka. Ka kuma sauya adireshin dawo da kalmar sirri na sauran asusunka tun kafin a rufe na makaranta.

56/ Kun san wane irin fayil Google zai miƙo maka? Mbox. Fayil ɗaya, wasiƙu a jere, kowace ta fara da layin "From". Buɗe shi da kowace manhajar rubutu ka gani. Duk girman rumbunansu, in za su ba ka naka a hannu, fasalin shekarun 1970 suke komawa.

57/ Masu Linux, aikin gida: buga ls -ld /var/mail /var/spool/mail ka gaya mini wace ce ta gaske a taka. Ka leƙa akwatin root ma, don manhajar cron tana ta aika masa wasiƙu, wata sabar shekara da shekaru babu mai karantawa har faifai ya cika.

58/ Nan zan tsaya, hannu ya gaji.  In akwai wanda ka sani yana ajin ƙarshe, tura masa lamba 54 da 55 tun yau. Zare na gaba in Allah ya kai mu: dalilin da ya sa saƙonka ke faɗawa jakar shara alhali ba ka yi wa kowa laifi ba.